Katin Tabar Wiwi na Ƙasashen Ƙetare da Katin da Majinyacin Jigawa Yake Bukata

 

Sharhinmu na yau ya shafi wata mas'ala wadda a da sai dai a ji ta daga bakin matafiya, amma yanzu, tun da wayar hannu ta shiga aljihun yaro da babba, ta zama abin da ake juyawa a majalisun samari da inuwar asibitoci, wato labarin cewa a waɗansu ƙasashen ƙetare hukuma tana ba majinyaci wani kati wanda yake halatta masa sayen tabar wiwi da sunan magani, har ma ana koya wa mutane hanyoyin samun wannan kati da rahusa. Masu jin labarin nan iri biyu ne. Akwai wanda ya riga ya saba da shan hayaƙin, yana neman hujjar da zai kare kansa da ita a gaban iyayensa. Akwai kuma wanda zogi ya hana shi barci, ko yana da ɗa ko uwa a kwance, ya sayar da akuya, ya sayar da hatsi, ciwo bai lafa ba, har ya kai matsayin da duk abin da aka ce masa magani ne sai ya saurara. Wannan na biyu shi ne ya wajabta mana yin magana, domin yana da haƙƙin a yi masa bayani na gaskiya, a kuma nuna masa ƙofar da za ta buɗe idan ya ƙwanƙwasa.

Bari mu fara da haƙiƙanin katin. A ƙasar Amurka aka fi saninsa, inda jihar Kalifoniya ta riga sauran jihohi, a shekarar 1996, jama'arta suka jefa ƙuri'ar amincewa da a bar majinyaci ya yi amfani da wiwi idan likita ya ba da shawarar haka, daga baya kuma jihohi fiye da 30 suka bi sahunta, kowace da nata sharuɗɗan. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: majinyaci ya je wurin likita mai lasisi, likita ya tabbatar yana ɗauke da cutar da dokar jihar ta yarda da ita, a aika da shaidar zuwa ma'aikatar lafiya, a biya kuɗin rajista, sa'an nan a ba shi kati mai hotonsa wanda yake da ranar ƙarewa, kuma ba ya aiki sai a kantin da hukuma ta ba izini, inda ake auna abin da za a sayar masa, a rubuta ƙarfinsa a jikin kwalba ko kwali. Maganar rahusa kuwa ta samo asali ne daga cewa kuɗin likita da na rajista da na maganin kansa duk daga aljihun majinyaci suke fita, kamfanonin inshora ba su ɗaukar nauyin ganyen. Saboda haka jihar Oklahoma, wadda ta shiga tsarin a 2018, ta sa kuɗin katin shekara biyu dala 100, amma ta rage shi zuwa dala 20 ga wanda yake cikin shirin lafiya na gwamnati, Kalifoniya kuma ta yafe wa talakan da ke cikin irin wannan shiri rabin kuɗin.

Duk mai hankali da ya dubi wannan tsari zai ga cewa darajar katin tana ga abubuwa uku da suke tsaye a bayansa, wato likitan da ya binciki cuta, da ma'aunin da ya ƙayyade adadi, da hukumar da take sa ido tana kuma hukunta wanda ya ƙetare iyaka. In aka zare waɗannan ukun, abin da ya rage takarda ce kawai. Kuma ko a can ɗin, ikon katin bai wuce iyakar ƙasar da ta bayar da shi ba. Wanda ya ɗauko shi tare da ganyensa ya sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko ya nufi Jidda da niyyar Umara, hukuncin mai fataucin ƙwaya zai hau kansa, alhali a Saudiyya wannan laifi yana iya kai mutum ga hukuncin kisa.

To, me ma'abota ilmin likitanci suka tabbatar game da wannan tsiro? Adalci ya hana mu ce babu komai a cikinsa sai sharri, kamar yadda ya hana mu yarda da masu cewa warakar kowace cuta ce. A shekarar 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Marinol, wadda aka harhaɗa bisa sinadarin da ke cikin wiwi, domin tsayar da amai ga masu ciwon daji da ake yi wa magani mai ƙarfi. A watan Yuni na 2018 ta amince da wani ruwan magani mai suna Epidiolex, wanda aka tace daga tsiron aka raba shi da sashen da ke bugarwa, domin waɗansu nau'o'i na farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A farkon 2017 kuma babbar majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto bayan ta bi diddigin dubban bincike, ta ce akwai dalili mai ƙarfi cewa yana rage zogi mai daɗewa ga manya, yana rage amai, yana sassauta ɗaurewar jijiyoyi a wata cutar laka. Amma a cikin wannan rahoto ɗin dai ta ce akwai dalili mai ƙarfi da ke danganta yawan shansa da taɓin hankali, kuma wanda ya fara shi da ƙuruciya ya fi saurin zama bawansa. Game da cutar sikila, wadda ita ce ta fi damunmu a nan, an yi gwaji a birnin San Faransisko aka buga sakamakonsa a 2020, inda majinyata 23 suka shaƙi tururinsa a ƙarƙashin kulawar likitoci, ba a kuwa sami bambanci tabbatacce a wajen rage zogi ba tsakaninsa da abin da babu magani a cikinsa.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga Bahaushe, domin kowa a ƙasar nan ya san zaƙami, ya san yadda yake juyar da hankalin wanda aka zuba wa shi a fura ko zoɓo, alhali sinadarin da ake samu a cikinsa da danginsa, wanda likitoci suke kira atirofin, yana cikin magungunan da ake aiki da su a ɗakin tiyata da asibitin ido. Wanda ya dogara da wannan ya tsinko 'ya'yan zaƙami a juji ya tauna, ya ce ai magani ne, ya zalunci kansa. Haka nan wanda ya sayi ƙulli a bayan tasha, bai san irinsa ba, bai san ƙarfinsa ba, bai san abin da aka gauraya masa ba, ya ce yana bin sawun likitocin Amurka.

Sai mu juyo ga doka. A watan Disamba na 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya kaɗa ƙuri'a a birnin Biyana, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire wiwi daga jerin abubuwa mafiya haɗari na yarjejeniyar 1961, ko da yake an bar shi cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu. Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka ƙi amincewa. A nahiyarmu ƙasar Lesoto ce ta fara ba da lasisin nomansa domin magani a 2017, Maroko, ƙasar Musulmi mabiya mazhabar Malikiyya irinmu, ta yi tata dokar a 2021, ta taƙaita ta ga magani da masana'antu, ta kuma kafa hukuma ta musamman mai sa ido. A nan gida, marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na jihar Ondo ya ziyarci ƙasar Tailan a 2019 ya dawo yana kira da a halatta nomansa domin magani da fitarwa waje, an kuma kai ƙudurori gaban Majalisar Wakilai, amma a watan Maris na 2023 aka jingine su, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuma, a ƙarƙashin Janar Muhammad Buba Marwa, ta sha bayyana adawarta da a sakar wa jama'a shi. Hujjarta a bayyane take, domin binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 a ƙasar nan, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 10 da dubu 600 daga cikinsu kuwa wiwi suke sha.

Saboda haka dokar da take aiki a Dutse a yau ita ce wadda ta samo tushe daga dokar tabar wiwi ta 1966, da dokar da ta kafa NDLEA a 1989, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa ko shigowa da shi, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da shi ko yana sha da saninsa. Babu asibiti, babu ma'aikata, babu ofishi a duk faɗin Nijeriya da yake ba da katin shan wiwi. Duk wanda ya zo muku ta waya ko ta intanet ya ce ku turo kuɗi zai sama muku irin wannan kati, mai tsada ko mai rahusa, to, ɗan damfara ne, kuma takardar da zai ba ku ba za ta yi muku ceto a gaban alƙali ba.

Mu kuwa mutanen Jigawa, da muka rungumi aiki da Shari'a tun shekarar 2000, akwai wani mizani da muke auna al'amura da shi kafin dokar ƙasa, kuma malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a rufe ba, domin hashishi, wato wiwi, ya yaɗu a Masar da Sham tun ƙarni na bakwai na Hijira, suka kuwa yi bahasi a kansa mai zurfi. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728, ya tafi a kan cewa hukuncinsa hukuncin giya ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa, har da haddi. Imamu Shihabuddin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 684, a cikin littafinsa Alfuruƙ ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali kashi uku: muskiri, mai bugarwa tare da nishaɗi, kamar giya, da mufsidi, mai ɓata hankali ba tare da gusar da ji da gani ba, da murƙidi, mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji gaba ɗaya, ya kuwa sanya hashishi a kashi na biyu, wanda ake yi wa mai shansa ta'aziri maimakon haddi. Saɓaninsu a kan nau'in uƙuba ne da hukuncin najasa da ɗan abin da bai kai ya taɓa hankali ba. Amma a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali domin jin daɗi, babu saɓani tsakaninsu ko kaɗan, domin tsare hankali yana cikin manyan maƙasudai biyar da Shari'a ta zo ta kiyaye, tare da addini da rai da nasaba da dukiya.

A ɗaya gefen kuma, fuƙaha'un nan dai su ne suka halatta a shayar da mutum abin da zai ɗauke masa ji idan za a yanke masa gaɓar da ta ruɓe, wanda a kansa ne ake ba da banju a ɗakin tiyata har yau ba tare da wani malami ya yi inkari ba. Ƙa'idar larura sananniya ce ga ko ɗalibin zaure, haka nan sharuɗɗanta: cutar ta tabbata, a rasa halattaccen magani da zai maye gurbi, likita masani amintacce ya zama shi ne ya yi hukunci, a kuma tsaya a kan gwargwadon bukata. Ku lura, jama'a, yadda waɗannan sharuɗɗa da malamanmu suka shimfiɗa tun ɗaruruwan shekaru suka dace da ginshiƙan nan uku da muka ambata, likita da ma'auni da hukuma. Idan wata rana aka zo da magani tatacce wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, likitoci suka tabbatar da amfaninsa ga yaro mai farfaɗiya, fatawarsa tana hannun ma'abotanta, kuma suna da usulin da za su gina a kai. Amma saurayi lafiyayye da ya naɗa ganye a takarda ba shi da rabo a cikin wannan rangwame.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo yake saƙa, wato dalilin da ya sa mutumin kirki, mai salla da azumi, har yake karkata kunnensa ga irin wannan labari. Dalilin shi ne zogi, da tsadar kawar da shi ta hanyar halal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara ana haifar jarirai kimanin dubu 150 masu cutar sikila a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya, kuma kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Duk gidan da yake da mai amosanin jini ya san abin da sanyin hunturu yake zuwa da shi, ya san daren da yaro zai kwana yana ihu yana cewa ƙasusuwansa ana sara, uwa tana gasa masa jiki da ruwan ɗumi tana kuka, uba yana lissafin kuɗin mota daga ƙauye zuwa Dutse ko Birnin Kudu tun kafin a zo ga kuɗin ƙarin ruwa da na jini. Haka nan mace mai sankarar mama wadda ba a kai ta asibiti ba sai da ciwo ya fashe, da dattijon da ciwon mafitsara ya ci ƙarfinsa, da wanda ya ƙone, da wanda ya karye a hatsarin mota a hanyar Shuwarin.

Maganin irin wannan zogi sananne ne, kuma halattacce ne a dokar Nijeriya idan likita ya rubuta. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na kashe zogi, a fara da mai sauƙi irin su farasitamol, in bai ji ba a hau zuwa matsakaici, in ya tsananta a ba da mofin, wanda aka fi shekara 200 da tace shi daga wani fure, kuma yana cikin magunguna masu arha idan aka dama garinsa aka ba da shi ta baki. Amma wani babban kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci kashi ɗaya cikin ɗari kacal suke samu na wannan jinsin magani da ake rarrabawa a duniya, mu kuwa muna cikin wannan rabi. Ƙasar Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta nuna cewa ana iya gyara wannan: tun 1993 wata likita mai suna Anne Merriman ta fara aikin kula da masu ciwon ajali a can da ruwan mofin mai arha, daga baya gwamnati ta ɗauki nauyinsa kyauta, a 2004 kuma ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, domin ya isa ƙauyukan da babu likita.

A wurinmu al'amarin ya zo a juye, abin da ya kamata ya kasance a hannun likita ya yi wuyar samu a asibiti, abin da ya kamata a tsare kuwa ya cika kasuwa. Ba mu manta da yadda aka ambaci sunan Kano da Jigawa a zauren Majalisar Dattawa a 2017 a kan yawan shan maganin tari mai kodin ba, har Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayu na 2018. Tiramol ya shiga gonaki da tashoshin mota. Waɗansu masu sikila kuwa, saboda nisan asibiti da tsadarsa, sun koyi yi wa kansu allurar fenta da suke saya a ɓoye, har ta zame musu jaraba, ta bar musu gyambo a cinya da damtse. Al'ummar da ba ta riga ta iya kai halattaccen magani ga mai bukatarsa ta kuma hana shi ga mai wasa da shi ba, in aka buɗe mata ƙofar wiwi a yau, mafsadar da za ta shigo za ta rinjayi maslahar da ake fata, kuma kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani.

To, wane kati ne majinyacin Jigawa ya kamata ya nema da rahusa? Shi ne katin shirin taimakekeniyar lafiya, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye a ranar da ciwo ya kama shi, ranar da ba shi da ikon ciniki ko jinkiri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, a watan Mayu na 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta wajabta shiga tsarin a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin masu rauni, wato yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu bukata ta musamman, da matalauta. A jiharmu hukumar JICHMA ce take riƙe da wannan amana, tana yi wa ma'aikatan gwamnati rajista ta hanyar cire wani abu daga albashi, tana kuma shigar da marasa galihu ta asibitocin matakin farko da ke mazaɓu 287 na jihar.

Hanyar kuwa ba ta bukatar ɗan tsakiya. Mutum ya tanadi lambarsa ta katin ɗan ƙasa da ta iyalinsa, ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi jami'in da ke kula da shi ko ana rajista da kuma rukunin da ya dace da shi, ya nemi mai unguwa ko kwamitin ci gaban mazaɓa su shaide shi idan yana cikin marasa hali. In cutar ta fi ƙarfin asibitin mazaɓa, ya karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti, daga nan zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin wanda ya tsallake matakai sau da yawa shi yake biyan abin da da an ɗauke masa. Ya riƙe katinsa na asibiti da kyau, domin a fayil ɗinsa ne tarihin cutarsa yake, kuma da shi ne likita zai sami natsuwar rubuta masa magani mai ƙarfi. Mai sikila ya lazimci asibitin masu sikila tun yana lafiya, ya tambayi likita game da maganin nan haidiroksiyuriya wanda yake rage yawan tashin ciwon, ya kiyayi zazzaɓin cizon sauro da ƙishirwa da sanyi. Kuma kada majinyaci ya ji kunyar gaya wa likita cewa zogin bai tafi ba, domin haƙuri da ƙaddara bai hana neman magani ba, neman magani ma sunna ce.

Kiranmu na farko ga gwamnatin jiha ne, da Majalisar Dokoki, da Ma'aikatar Lafiya: a faɗaɗa rajistar marasa galihu, a sanya masu sikila da masu ciwon daji a sahun gaba ko da shekarunsu sun wuce biyar, a tabbatar kowane babban asibiti yana da ruwan mofin a cikin akwati mai makulli da littafin lissafi da mai harhaɗa magunguna da zai amsa tambaya a kansa, a kuma horar da nas-nas a kan kula da zogi. Katin da majinyaci zai nuna a ce masa babu magani, ya je kemis ya saya, ya zama wahala a kan wahala, kuma yana kashe amincewar talaka da duk wani shiri da za a kawo masa gobe.

Kira na biyu ga iyayenmu sarakuna da malamanmu da mawadatanmu ne. Masarautar Dutse ta yi suna a ƙasar nan wajen tsara karɓar zakka da rabonta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, Allah ya jiƙansa, kuma wannan tsari da ya isa kowace gunduma yana iya zama hanyar gano gidajen da jinya ta durƙusar. Malamai su duba wajhin da za a taimaka wa fakirai su biya kuɗin rajistar lafiya daga abin da ake ba su, attajirai kuma su tuna cewa wakafin da aka tsayar domin maganin marasa lafiya sadaka ce mai gudana, daidai da rijiya da makaranta, kuma kula da majinyacin da ba shi da kowa farilla ce ta kifaya wadda in kowa ya bar ta kowa ya yi laifi. Limamai su riƙa tunatar da masu neman aure gwajin jini kafin a sa rana. Masananmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse kuwa su dubi misalin cibiyar binciken magunguna ta Abuja, wadda ta harhaɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirran da muka sani, har da masoro da kanumfari da karan dafi, ta hanyar gwaji da awo da izinin hukuma. Wannan ita ce ƙofar da kowane tsiro yake bi kafin ya cancanci sunan magani.

Kira na ƙarshe gare ku ne, iyaye da samari. Wanda jarabar hayaƙi ta riga ta kama, a ɗauke shi a matsayin majinyaci, a kai shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa tun kafin a kai ga mari da sarƙa, a rufa masa asiri, a taimake shi ya tuba. Wanda kuma yake da mara lafiya a gida, kada ya ba kowa ko sisin kwabo da sunan katin wiwi, domin babu shi a ƙasar nan. Ya tashi gobe da safe ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi yadda zai yi wa iyalinsa rajista, in an hana shi haƙƙinsa ya kai kuka ga mai unguwa da kansila da ofishin hukumar a Dutse.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya tsare mana hankulan 'ya'yanmu.